Ciwon Ciki Suna Ya Tara: Rikicin Hanji Dabam, Gyambon Hanji Dabam

'Yan'uwa manoma, a yawon da nake yi wurin masu lambu a bakin Jakara, daga bayan ganuwar Kano har zuwa madatsar ruwa ta Wasai, ba kukan da na fi ji kamar na ciki. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce ɗankanoma, kowa ya nufi Kasuwar Kurmi neman saiwa. Ni a ganina, wannan kuɗin goro da muke yi wa ciwon ciki yana cutarmu. Akwai ciwo biyu masu kama da juna da ya kamata mu bambanta.

Na farko shi ne rikicin hanji, wanda likitoci suke kira IBS. Ciki ya riƙa murɗawa, ya cika da iska, yau zawo, gobe bayan gida ya yi tauri, a yi watanni ana fama. Amma in likita ya leƙa hanjin, sai ya tarar da shi lafiya lau, ba rauni. Aikin hanjin ne ya rikice, watau saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Damuwa tana tayar da shi, haka wake, albasa ko madara ga waɗansu. Yana da wahala, ba ƙarya mai shi yake yi ba, amma ba ya cin hanji, ba ya kuma zama daji.

Na biyu shi ne gyambon hanji, IBD. Nan kam garkuwar jiki ce da kanta take far wa hanji, ya kumbura, ya yi miki, ya riƙa zubar da jini. Iri biyu ne. Ɗaya a babban hanji kaɗai yake tsayawa. Ɗayan, wanda aka sa wa sunan Likita Burrill Crohn da ya bayyana shi a New York a 1932, yana iya kama ko'ina daga baki har dubura. In an bar shi, yakan toshe hanji ko ya huda shi, kuma bayan shekaru yana ƙara haɗarin daji.

To, ina dangantakarsu? Na farko ba ya rikiɗa ya zama na biyu, kada kowa ya tsorata ku. Sai dai alamunsu sukan yi kama, har mai gyambo ya daɗe ana ce masa rikici ne kawai. Kuma mai gyambon da ya lafa yana iya ci gaba da jin murɗa irin ta rikici.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Ruwan Jakara dattin birni ne, ga na Getsi da ke kawo na masana'antun Bompai. Wanda ya yi mummunan zawo na ƙwayoyin cuta, kusan mutum 1 cikin 10 yakan saura da rikicin hanji bayan ƙwayoyin sun tafi. Jini a bayan gida kuwa, a ƙasarmu akan same shi daga atuni ko tsargiyar hanji, wani lokaci tarin fuka na hanji. Shi ya sa sai an auna kashi tukuna. Maganin da ke kwantar da gyambo yana danne garkuwar jiki, in aka ba mai atuni sai ciwon ya ci gaba da ƙarfi.

Saboda haka, in ka ga jini ko majina a bayan gida, ko kana ramewa, ko zazzaɓi, ko idonka ya yi fari, ko zawo yana tashe ka da dare, wannan ya wuce rikici. Tafi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka kuma bar shan ibuprofen da diclofenac da muke haɗiya bayan an tashi daga ban-ruwa, suna iya tayar da gyambo.

Na san abin da ke hana mutane zuwa: kuɗi, da kunyar ambaton bayan gida. Kunya dai sai a daure. Kuɗi kuwa, ƙungiyoyinmu na gama kai suna ba da rancen taki da iri kowace shekara. A taron wata mai zuwa, bari kowace ƙungiya ta ware wani abu a asusunta domin kuɗin mota da na awon kashi ga ɗan ƙungiyar da ya ga jini.