Mai Binciken Al'adu Da Zuciyarsa

A shekarar 1967 aka buga wani littafi wanda ya ta da ƙura tsakanin masana al'adun 'yan Adam. Littafin kuwa kundin sirri ne na Bronislaw Malinowski, mutumin Folan, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, shi ne kuma ake ɗauka jagoran masu zama cikin jama'a don nazarin al'adunsu. Ya rasu tun 1942, matarsa ce ta fito da kundin. Da aka karanta sai aka tarar da wani mutum dabam: kaɗaici ya dame shi, ga yawan ciwo, yakan ƙule a tanti yana karanta littattafan hira, har yakan zagi mutanen da suka sauke shi. Kaɗan ne kawai daga cikin wannan ya bayyana a shahararren littafinsa na 1922.

Waɗansu suka ce an tona masa asiri a banza. Amma fa ko alƙali yakan so ya san abin da ke tsakanin mai shaida da wanda ake ƙara. Mai bincike shi ma shaida yake bayarwa a kan mutanen da ba sa nan balle su kare kansu, saboda haka ya wajaba ya faɗi halin da zuciyarsa ke ciki sa'ad da yake kallonsu.

Wani lokaci ma zuciyar ce ke buɗe ido. Renato Rosaldo, Ba'amurke, ya zauna da ƙabilar Ilongot ta ƙasar Filifin, waɗanda a da sukan sare kan mutum. Dattawansu suka gaya masa cewa fushin da baƙin cikin mutuwa ke haifarwa shi ke tura su. Ya rubuta maganar, amma ya raina ta, ya yi shekaru yana neman wani dalili mai zurfi. A 1981 matarsa Michelle, ita ma masaniya, ta zame daga kan dutse a can Filifin ta mutu. Da ya tsaya kan gawarta sai fushi ya turnuƙe shi. A maƙalarsa ta 1984 ya amsa cewa sai a lokacin ya gane abin da tsofaffin nan suka daɗe suna faɗa masa.

Lalle akwai haɗari, don wani marubucin yakan shagala da labarin kansa har mutanen garin su ɓace daga littafin. Wannan aibi ne, aikin malaman jami'a ne su tsawata. Sai dai tsohuwar ɗabi'ar ɓoyewa ta fi muni. Laura Bohannan, wadda ta yi bincike a ƙasar Tibi a nan Nijeriya, da ta so bayyana tsoro da kaɗaicin da ta sha, sai da ta mai da abin ƙagaggen labari a 1954, ta kuma sa masa sunan aro, watau Elenore Smith Bowen.