Kafin ka kwance tayar babur, ciro wayarka ka ɗauki hoto

A gidanmu akwai tsohon babur Honda CG125, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1975. Mahaifinmu ya daɗe yana hawansa zuwa gonar rake. Da tayar baya ta fara gurnani, sai na ce ai ni da na koya wa kaina rubuta manhaja a intanet, canza boris ba zai gagare ni ba. Na buɗe YouTube, na kalli bidiyo biyu, na ɗauko sifana.

Cire tsohon boris da sa sabo bai ba ni wuya ba. Wajen mayar da taya ne na ga ta kaina. Da na gama ɗaurewa, sai ga wani ɗan guntun bututun ƙarfe ya rage a ƙasa. Na duba bidiyon, babu shi, domin babur ɗin mai bidiyon wani samfuri ne daban. Na jefa shi aljihu, na ɗauki ƙanena muka kama hanyar Ikara daga Makarfi. Ba mu yi nisa ba tayar ta fara rawa, ga motocin rake suna wuce mu. Allah ne ya kiyaye.

Wani dattijon bakanike a bakin hanya ya karɓi bututun ya juya shi, ya ce, “Ɗana, wannan tsakanin boris biyu yake zama. In babu shi, kana ɗaure noti kana matse boris ɗin ne har ya mutu.” Na ce, “Baba, ban gan shi a bidiyo ba.” Ya ce, “To a babur ɗinka ka cire shi ko a bidiyo?”

Ra'ayina shi ne, mu matasa muna amfani da waya a bai-bai. Muna neman ta bayan aiki ya lalace, alhali ta fi amfani kafin a taɓa komai. Duk mai rubuta manhaja ya san Git: kafin ka canza abu, sai ka adana yadda yake, don ka san inda za ka koma. Kyamarar wayarka za ta yi maka wannan aikin a kan babur, kuma ba ta cin data.

Ka ɗauki hoton tayar ta dama da ta hagu. Zoben ƙarfen da ke kowane gefe tsawonsu kan bambanta, in ka musanya su taya za ta karkace. Ka jera duk abin da ka cire a kan kwali bi da bi, ka sake ɗauka. Ka ɗauki alamomin da ke jikin abin ja da sarƙa, domin dole ɓangarorin biyu su zo daidai. Wajen mayarwa, sarƙa ta riƙa ɗan lilo kamar santimita 2 zuwa 3, ƙarfen da ke riƙe murfin birki ya koma wurinsa, fin ɗin da ke kulle noti ya shiga. Sannan ka juya tayar da hannu, ka gwada birki tun kafin ka hau.

Wani zai ce a kai wa bakanike kawai, a huta. Gaskiya ne, kuma hannun da ya shekara talatin yana wannan aiki ya fi kowane bidiyo. Amma manomin da ke ƙauyukan Kudan ba kullum yake da bakanike a kusa ba, kuma ko a gareji ne, mai hoto a waya zai iya lura in an bar wani abu a ƙasa.

Idan abu ya rage bayan ka gama ɗauri, kada ka hau. Babu ƙarfen da kamfani ya sa a taya don ado.