Zuwa ga Masu Shelar Zandam da Kewaye



Wannan takarda taku ce, ku da kuke zaga unguwanni da lasifika bayan isha'i kuna cewa dagaci na gaishe da jama'a, tun daga Zandam har Gwaram da Birnin Kudu. Allah ya ba ku murya. Sai dai jarinku na gaske shi ne mutum ya ji ku daga cikin ɗaki ya yarda.

Wata damina, mai shela ya ce mana taki ya iso, gobe da hantsi za a raba. Muka yi sammako, wani da buhu, wani da amalanke, muka sha rana har azahar. Ashe a teburin mai shayi ya tsinto zancen. Bayan mako biyu ya fito yana cewa a riƙa tafasa ruwan sha saboda amai da gudawa. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Au, na takin nan ne?" Ta ja ƙyaurenta. Ran nan gaskiya ya faɗa, amma ya riga ya cinye jarinsa.

Don haka kafin ku ɗauki saƙo, ku tambaya: wa ya aiko, yaushe, a ina? Ku ambaci mai saƙon, ko hakimi ne ko limami ko malamin asibiti. Ku faɗi rana da wuri da lokaci a tsanake, ku maimaita, ban da ƙarin gishiri. In zance ya sauya, ku sake bin lungunan da kuka bi jiya ku gyara da bakinku. Magana zarar bunu ce. Wanda kuma ya wuni yana kirarin ɗan takara, kada ya yi mamaki in da dare an ɗauki saƙon dagaci tallan jam'iyya.

Ku tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Mutane ba su manta da gwajin maganin Pfizer a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, shi ya sa bayanin jami'ai bai shiga kunne ba. A 2004 Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Gani ya kori ji. Sarakuna da malamai suka sa baki, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba Afirka da ainihin ƙwayar cutar.

To, ku ma haka. In kun yi shelar rigakafi, a fara ganin 'ya'yanku a layi. In ta aikin gayya ce, a tarar da ku da fartanya. Ranar da kuka zo da labarin ambaliya da tsakar dare, babu lokacin rantse-rantse. Abin da kuka shuka tun rani shi zai buɗe ƙyauren tsohuwar nan.

Allah ya tsare harshenmu.

Naku,
Wani mai saurarenku