RA'AYINMU: Mu Rubuta Gadonmu Kafin Damina Ta Sauka

 A wannan fitowa muna so mu yi magana da 'yan'uwanmu na ƙauyukan bakin iyaka a Tsaunin Mambila, Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Maganar kuwa ta ƙasa ce: filin majami'a, gonar fasto, maƙabarta, da gonar gwauruwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa Mambila ya san Allah ya albarkaci wurin. Tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,600, ga sanyi, ga ciyawa, ga masara da gwaza da ayaba, ga gonakin shayi na Kakara. Amma zuwa can ba wasa ba ne. Daga Jalingo mutum zai bi ta Bali da Serti, ya kama hawan dutse daga Mayo Selbe, ya ratsa Maisamari da Nguroje kafin ya kai Gembu. Yini guda ke nan ya tafi. Mai zuwa ƙauyukan iyaka kuwa da sauran tafiya a gabansa, a kan babur ko da ƙafa. Shekara da shekaru mutanen ƙetaren kogin Donga da kwalekwale suka dogara. In damina ta kankama, daga wajen Afrilu har Oktoba, laka takan hana mota wucewa. Wannan wahalar hanya tana cikin abin da ya sa yawancinmu ba mu taɓa neman takardar fili ba.

Akwai kuma dalili na tarihi. Lokacin da masu mishan na Baptis suka hauro daga kudu suka kafa tasha a Warwar, babu iyakar ƙasa da ƙasa tsakanin Mambila da yankin Bamenda, gama dukansu suna ƙarƙashin riƙon Ingila. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 ce ta kai arewa cikin Nijeriya, kudu kuma cikin Kamaru. A waɗancan kwanaki dattijo yakan nuna wa mai bishara wuri da sandarsa, ya ce daga wancan dutse zuwa rafi na aikin Allah ne. Magana ta ƙare. Mun gode wa Allah domin waɗannan iyaye. Sai dai yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, shaidunsu ma haka.

Mun taɓa zaman sulhu a wata ƙaramar ikilisiya kusa da iyaka. Kaka ya ba da fili, masu bi suka dasa itatuwan zaiti a jere domin alama. Bayan shekaru jika ya sayar da itatuwan ga masu katako, yana cewa aro aka ba ikilisiya, ba kyauta ba. Aka nemi shaida, ba a samu ko layi ɗaya a littafin ikilisiya ba. Tsohuwa ɗaya ce ta rage da ta ga ranar, ita ma ba ta iya fita. Gidan da ya ba da filin ya daina zuwa sujada har kusan shekara biyu. Ba a rasa fili kaɗai ba, an rasa zumunci.

Kada mu ce wannan ƙaramin abu ne. Jama'a na ƙaruwa, shanu na ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Ba mu manta da rikicin manoma da makiyaya na 2002 ba, sa'ad da dubban mutane suka tsere zuwa Kamaru, ko na 2017 da ya ci rayuka da dukiya. Tun bayan hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002 aka shiga aikin shata iyakar ƙasashen biyu, alhali akwai iyalai masu gida a wannan gefe, dangi da gona a wancan. Daga 2017 kuma 'yan gudun hijira daga yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru sun shigo, suna bukatar wurin zama da na noma. Ga kuma batun madatsar ruwa ta megawat 3,050 da Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilarta a 2017. Har yau ba a ga wutar ba, amma ranar da aikin ya tashi, shaida za a tambaya kafin a yi maganar diyya.

Wasu za su ce, ai mu masu bi ne, maganarmu ta isa, neman takarda rashin bangaskiya ne. Bari mu duba Littafi Mai Tsarki. A Farawa sura 23, Ibrahim bai karɓi kogon Makfela kyauta ba, ya auna shekel 400 na azurfa a gaban jama'ar gari. A Irmiya sura 32, annabi ya sayi gona a Anatot alhali maƙiya sun kewaye Urushalima. Ya rubuta takarda, ya hatimce ta, ya kira shaidu, ya sa Baruk ya adana ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Wa zai ce Irmiya ba shi da bangaskiya? Takardar nan ita ce shaidar begensa.

Dokar ƙasa ma ba ta rufe mana ƙofa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora riƙon ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Wato matakin farko a Gembu yake, ba sai an je Jalingo ba.

Saboda haka muna ba da wannan shawara. Na fari, kowace majalisar dattawa ta zauna da iyalin da suka ba da fili, da mai unguwa, da maƙwabta na kowane gefe, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, a taka iyaka tare da rana tsaka. Na biyu, a rubuta abin da aka yarda, da kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na uku, takardar ta fito da sunan amintattun ikilisiya masu rajista, ba da sunan fasto ko wani dattijo ba, gama fasto baƙo ne, gobe za a sauya masa wurin aiki. Na huɗu, ikilisiyoyin gunduma ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauko ma'aunin fili sau ɗaya da rani, tun hanya tana biyuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, a yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a ofishin gunduma, domin gara da danshi da gobara ba su san darajar takarda ba.

Kada kuma mu tsaya kan filin majami'a kaɗai. Gwauraye da marayu su ne suka fi shan wuya in babu rubutu. Littafin Ƙidaya sura 27 ya nuna yadda 'ya'yan Zelofehad mata suka nemi gadon mahaifinsu, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. Magidanci ya faɗi nufinsa a rubuce tun yana da rai.

Gargaɗinmu na ƙarshe shi ne, takarda ba makami ba ce. Wanda ya yi amfani da iliminsa ko sanayyarsa ya haɗa da gonar maƙwabci ko burtalin shanu cikin awonsa, ya bi sawun Ahab a kan gonar inabin Nabot. Gara ikilisiya ta bar taku goma ta riƙe shaidarta a gari.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Tsofaffin da suka san iyakokin nan ba za su jira mu ba. Bari kowane sakataren ikilisiya ya sa wannan batu a zaman majalisa na gaba.

Ubangiji ya ba mu hikima da salama. Amin.