Fizge biskit a hannun yaro ba ya koya masa kyauta

1/
Zare ne, iyaye da yayye ku matso. Ni a ganina, yawancin abin da muke kira koya wa yaro kyauta ƙwace ne kawai muka sa masa suna mai daɗi.

2/
Baƙi sun zo, yaro ɗan shekara 3 na riƙe da biskit, ɗan baƙuwa ya sa kuka. Sai a fizge: "Ba shi mana, marowacin banza!" Me ya koya? Gobe yana jin sallama zai ruga bayan ƙofa ya cinye.

3/
"Nawa ne" a wannan shekarun ba mugun hali ba ne fa. A 2008 Ernst Fehr da abokan aikinsa sun gwada yara da alewa a Siwizalan. 'Yan shekara 3 zuwa 4 kansu suka fi sani. Sai a shekara 7 zuwa 8 aka ga suna son a raba daidai.

4/
A 2013 kuma, a Jami'ar Cornell ta Amurka, an ba yara sitika. Wasu aka bar musu zaɓi, su bayar ko su riƙe. Wasu aka ce dole su bayar. Da aka sake gwada su, masu zaɓin ne suka fi sakin hannu.

5/
Iyayenmu ba su jira bincike ba. Ciyayya suke yi. A ɗora wa yaro kwanon tuwo ya kai maƙwabta. Da azumi ya kai kunu, da Babbar Sallah ya kai naman layya. Shi ke miƙawa, shi ake ce wa "Allah ya yi albarka". Nan ya ɗanɗani daɗin bayarwa.

6/
Yanzu kuwa? "Shiga ɗaki ka cinye kada su gani." Bakin da ya faɗi haka da safe, shi ke kiran yaron marowaci da yamma. Wanne zai ɗauka?

7/
Za ku ce in ba a tilasta ba ai sangarcewa zai yi. Akwai iyaka. Abin kowa, irin ƙwallo ko keken gida, bi da bi ake yi, kuka ba ya canza doka. Amma abin da ka ce nasa ne, roƙa za ka yi, ba ƙwace ba.

8/
Ku gwada waɗannan:
Lemo ɗaya, yara biyu: wannan ya yanka, wancan ya fara zaɓa.
Za ka ba almajiri abinci? Sa a hannun yaron ya miƙa.
In ya bayar, kar ka biya shi da alewa. Ce masa "dubi yadda ƙanwarka ta ji daɗi".

9/
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma a hankali ake yi, in aka yi da ƙarfi karyewa yake. Ku a gidanku ya aka koya muku?