Sun bar majami'a, amma suna neman wanda zai ce "ina wane?"

Ran 6 ga Janairu 2013, mutane fiye da 200 suka cika wata tsohuwar majami'a da aka daina ibada a cikinta, a unguwar Islington ta birnin Landan. Ba limamin kirista, ba karatun Linjila. Waɗanda suka kira taron, Sanderson Jones da Pippa Evans, ƴan wasan barkwanci ne. Aka rera waƙoƙin da kowa ke ji a rediyo, wani ya yi jawabi, aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan aka sha shayi ana hira. Suka raɗa wa abin suna Sunday Assembly, wato taron Lahadi. Galibin mahalartan sun bar addini, amma suna kewar safiyar Lahadi cikin jama'a.

Na san mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai yi murmushi ya ce, ai wanda ya zubar da tuwo shi ne kuma ke lasar akushi. Ni ina ganin labarin ya fi ƙarfin murmushi. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, kashi 37 cikin 100 na jama'a sun ce ba su da addini, kuma karon farko ke nan da masu kiran kansu kirista suka kasa kai rabi. Cikin irin waɗannan ƙasashe ne wasu ƴaƴanmu ke zuwa karatu bayan sun ci BAC.

Taron Lahadin ya bazu kamar wutar daji. Cikin shekara uku ya kai rassa wajen 70 a Ingila, Amurka, Ostareliya da sauransu. Sai kuma ya soma tsiyayewa. Reshen New York ya dare biyu tun da wuri, wasu na son a riƙa sukar addini a fili, wasu na cewa ba don haka aka taru ba. Mujallar The Atlantic ta ruwaito a 2019 cewa rassan sun koma wajen 40, masu zuwa kowane wata kuma sun sauko daga wajen 5,000 a 2016 zuwa wajen 3,500 a 2018. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani ne zai biya kuɗin hayar ɗaki, wani ya jera kujeru, wani ya nemo mai jawabi, duk kyauta. Ranar da aka tashi da ruwan sama ko gajiya kuwa, ba abin da ke tilasta wa kowa fitowa daga bargo.

Ba su ne farau ba. Faransa, wadda muka gaji tsarin lakwal ɗinta, ta riga su. A Nuwamba 1793 ƴan juyin juya hali suka yi bikin "Hankali" a cikin majami'ar Notre-Dame ta Paris, abin bai shekara ba ya mutu. Daga baya masanin falsafa Auguste Comte ya tsara addinin "Ɗan'adamtaka" sukutum, har da limamai da kalanda mai wata 13, kowane wata da sunan wani gwarzo. Ya samu mabiya a Brazil, har taken da ke jikin tutar ƙasar daga koyarwarsa aka ciro shi, amma yau ɗakin ibadarsu na Rio ya fi kama da gidan tarihi.

Wani masanin ɗabi'ar al'umma a Amurka, Richard Sosis, ya bi tarihin ƙauyuka 200 da mutane suka kafa a ƙarni na 19 don su rayu tare, su haɗa dukiya. Bayan shekara 20 da kafuwa, kashi 39 cikin 100 na masu addini suna nan, na marasa addini kuwa kashi 6 kacal suka rage. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: a ƙauyukan masu addini, yawan wahalar da aka ɗora wa mutane, kamar azumi, barin giya da dokar sutura, shi ke ƙara wa ƙauyen kwana. A na marasa addini, wahalar ba ta ƙara komai. Idan aka ce wa mutum ya bar abu don Ubangiji, yana iya daurewa. Idan kwamiti ne ya ce, gobe sai ya tambayi wa ya naɗa kwamitin.

Amma akwai irin bikin da ya rayu ba tare da addini ba, kuma a nan ne nake son malamai su tsaya. A Norwe, tun 1951 ake yi wa ƴan shekara 14 zuwa 15 da ba sa bin majami'a bikin balaga. An fara a Oslo da yara 34, yanzu wajen ɗaya cikin biyar na tsaran nan ke bi ta nan. Kafin ranar, yaro zai yi makonni yana zuwa darasi kan ɗabi'a da haƙƙin ɗan Adam. A Jamus ta Gabas gwamnatin gurguzu ta ƙaƙaba irinsa daga 1955, ana kiransa Jugendweihe, don ta janye yara daga majami'a, wanda ya ƙi kuma yana iya rasa gurbin karatu. Gwamnatin ta rushe, aka haɗe Jamus a 1990, tilas ɗin ya kau, amma har yau dubban iyalai na yi wa ƴaƴansu duk shekara. Me ya riƙe shi? Kaka na jira. An ɗinka kaya, an gayyaci dangi, ƴan aji duka za su hau dandali. Yaron da bai zo ba, za a ce ina wane.

Wannan tambaya ta "ina wane?" ita ce, a ganina, abin da masu taron Landan suka fita nema suka kasa ƙerawa. Waƙa da jawabi ana samun su a waya. Mutanen da za su lura ba ka zo ba, su biyo ka gida su ga ko lafiya, ba a tara su da sanarwar Facebook.

Mu nan muna da shi har ya yi mana yawa, shi ya sa ba ma ganinsa: sahun masallacin unguwa, raɗin suna da hantsi, zaman makoki, yawon barka da salla, adashin mata, har fadar samari da butar shayinsu. Ban kawo wannan don mu yi tinƙaho ba. Na kawo shi ne saboda abin da wasu gidaje ke yi idan labari ya iso cewa yaron da ke Liyon ko Buruksel ya yi sakaci da salla, ko ya fara tambayoyin da ke tayar da hankali. Uba ya yi rantsuwa, a daina ɗaukar wayarsa, a cire shi daga zauren WhatsApp na dangi. Ana zaton horo ne. To amma yaron da aka yanke, ba zama zai yi shi kaɗai ba. Kamar mutanen Islington, zai je neman inda za a san da zuwansa, kuma duk wanda ya buɗe masa ƙofa shi zai gaji kunnensa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Batun aƙida na malaman addini ne, ba zan shiga gonarsu ba, kuma ban ce uba ya ɓoye ɓacin ransa ba. Ina maganar zumunci ne, wanda aka ce a ƙafa yake. A ci gaba da sanar da shi haihuwa da rasuwa. A yanka masa nasa kaso na kuɗin ragon suna kamar kowa, ya aiko. In ya zo hutu, a sa shi rabon goro da shimfiɗa tabarmi, a tura shi gaida gwaggo.

Mu malaman lakwal ma muna da namu. Yaro ɗan shekara 14 a kwaleji, in ka cire ranar da aka kafe sakamakon BEPC a bango, wace rana ce makaranta ke tara iyayensa ta ce ga shi ya girma, ta ɗora masa wani nauyi? Kuma in ya yi kwana uku bai zo aji ba, ban da alamar da mushe ke sawa gaban sunansa a rajista, wa ke takawa zuwa ƙofar gidansu?