Kwanon Inna ya dawo wayam, amma wa ya ci?

'Yan'uwa, idan aka kawo mana tsoho ko tsohuwa ɗakin awo, tambayata ta farko ita ce yaya cin abinci. Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Tana ci mana, ai safe da dare ana kai mata." In na ce to me ya ramar da ita haka, sai a ce, "Tsufa ne." Amsa ta farko ba na karɓarta sai na san wanda ya zauna ya ga loma ta shiga baki. Ta biyun kuwa, ina roƙonku ku daina ba da ita kafin ma'aikacin lafiya ya duba mutum.

Ku dubi yadda abin yake a gidajenmu, daga nan cikin Malanville har Garu, Madekali da Gene. Matar ɗa ta tuƙa tuwo, ta zuba na Inna a langa, ta rufe da faifai, ta ba yaro ya kai ɗaki. Inna ta yi loma biyu, ta kira jikoki. Kafin a ce me, sun suɗe kwanon, yaro ya mayar da shi wayam, matar ɗa ta gode wa Allah Inna ta cinye. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi mugunta. Inna ba za ta buɗe baki ta ce wa surukarta tuwon ya yi mata tauri ba, kunya ba za ta bar ta ba. Wata kuma da gangan take yi. Ta ga buhu ya yi ƙasa, ta ji kuɗin tiya a kasuwa, ta yanke a ranta cewa yara sun fi ta buƙata.

Ban ce tsufa ba ya taɓa ci ba. Yana taɓawa. Harshe yana rage jin ɗanɗano, hanci yana rage jin ƙanshi, yawu yana ƙaranci, ciki yana saurin cika ya kuma daɗe bai sauka ba. Ƙishirwa ma tana raguwa, shi ya sa tsoho zai wuni cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a nan bakin Kwara, bai nemi moɗa ba. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san Barzillai a 2 Sama'ila sura 19, dattijo mai shekara 80 da ya ƙi bin Sarki Dawuda zuwa Urushalima, cikin dalilansa har da cewa ya daina jin daɗin abin ci da abin sha. Amma ku lura, shi da kansa ya sauko har bakin Urdun rakiyar sarki, da hankalinsa da ƙarfinsa. Abin da tsufa kaɗai ke yi, sannu a hankali yake yinsa, cikin shekaru. Wanda damina ta same shi yana cin tuwonsa, kaka ta zo ya koma kurɓar koko, wani abu ne ya same shi, kuma sau da yawa abin yana da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019 domin masu kula da tsofaffi, ta sa tambaya biyu a kan wannan. Ko mutum ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku ba da niyyarsa ba? Ko sha'awar abinci ta ɗauke masa? In ɗaya daga ciki ta zama e, a bincika. Na san babu sikeli a yawancin gidaje, amma jiki yana faɗa. Zobe ya fara zamewa daga yatsa, awarwaro ya haura har gwiwar hannu, Baba yana ƙara ɗaure mazagi, gefen goshi ya faɗa, ƙashin wuya ya fito. Tashi daga tabarma ya zama sai da dafa bango. Duk wanda ya zo kasuwa da tsohonsa, ya biyo da shi a auna a rubuta a kati, domin awon wata mai zuwa ya sami abin kwatantawa.

Ni baki nake fara buɗewa. Haƙori mai girgiɗi, dasashi mai jini, miki a harshe, ko wani farin abu kamar dunƙulen nono da ya rufe harshe, kowannensu ya isa ya hana mutum ci. Wanda mataunansa suka zube ba zai iya da ƙanzo ko tsokar nama ba, kuma ba zai ce ba ya iyawa ba, cewa zai yi ya ƙoshi. Bayan baki sai ciki: tsohon da ya yi kwana huɗu bai fita bayan gida ba, ina zai sa tuwo?

Akwai kuma manyan. Tarin fuka a jikin tsoho ba kullum yake zuwa da tari mai ƙarfi ba, wani lokaci rama ce kawai, da zufar dare, da ƙin abinci. Tarin da ya kai mako biyu, a gwada kaki. Maganin na wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a Benin. Ku tuna su wa ke kwana ɗaki ɗaya da Kaka. Ciwon zuciya da na ƙoda suna kashe ci, suna kuma kumbura ƙafa, har iyali su ɗauka ƙiba ce. Ciwon sukari yana ramarwa tare da yawan fitsari. In kuwa loma tana tsayawa a ƙirji, ko ana aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, wannan ba a kwana da shi a gida. Sau da yawa mai laifin yana cikin leda ƙarƙashin matashin kai: ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake saye a faranti a sha safe da yamma, suna cin ciki. Har magungunan da mu muke bayarwa, kamar na ƙarin jini da metformin na masu sukari, suna iya rage ci, kuma in an faɗa mana akwai yadda za a gyara shan su. Goro ma yana danne yunwa. Ba zan raba tsohuwa da goronta ba, na san ba za ta ji ni ba, amma a bari sai an ci abinci.

Yanzu ga wurin da na fi so mu daɗe. Akwai tsofaffin da za mu duba daga kai har ƙafa ba mu ga cuta ba, amma ba sa ci. In ka bi labarin, sai ka tarar cin ya tafi ne tare da muciya.

Mace ta yi shekara 50 a gaban murhu. Ita ke sanin yawan daddawar da miyar kuka ke so, ita ke rabon nama, ita ake tambaya ko abinci zai isa baƙi. Ran da aka kawo amarya gidan, sai a ce an hutar da Inna. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, girmamawa ce, kuma gaskiya ne daka da ɗaukar ruwa da faskare sun fi ƙarfinta. Amma abin da aka karɓe daga hannunta ya wuce aiki. An karɓe dalilin tashinta da asuba, an karɓe ƙanshin albasa a cikin mai wanda shi ke tsinka yawu tun kafin a sauke tukunya, an karɓe ikon cewa yau ga abin da nake marmari. Ta koma mai jiran kwano, ta ci miyar da ba hannunta ba, ita kaɗai, tana kallon bango. Wa zai yi ci a haka?

Ra'ayina shi ne a hutar da ita daga taɓarya, kada a kore ta daga madafa. A shimfiɗa mata tabarma inda hayaƙi ba ya bugawa. Ta tsince shinkafa, ta gyara wake, ta ɓare gyaɗa, ta yanka kuɓewa. A miƙa mata ludayi ta ɗanɗana, a ce, "Inna, gishirin ya ji?" Ko sau ɗaya a mako a bar ta ta kaɗa miyarta da kanta. Ke matar ɗa, wannan bai rage miki komai a girkinki ba. Kai kuma maigida, kai ne za ka buɗe maganar, domin su biyun kunya da tsoron tsegumi ba za su bar su su fara ba.

In kuwa ita ce da kanta ta ajiye girkin, a tambayi dalili. Wata yanar ido ce ta hana ta ganin tsakuwa a shinkafa, kuma yanar ido aiki ake yi a cire. Wata gwiwa ce ta hana ta tsuguno, kujera 'yar tsayi ta isa. Wata ta fara barin tukunya a wuta tana mantawa, ko ta zuba gishiri sau biyu, ta ji kunya ta daina. Wannan yana iya zama farkon gigin tsufa, a kawo ta. Wata kuma mijinta ne ya rasu, ta ce, "In dafa wa wa?" Makoki ya wuce, wata da watanni sun wuce, har yanzu ba barci, ba hira, ba ci, tana cewa gara ta bi shi. Wannan baƙin ciki ne da ya zama ciwo. Ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kuma ana jinyarsa.

Maza ma ba su tsira ba. Baba ya saba ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa. Abokan sun tafi ɗaya bayan ɗaya, yanzu ana ajiye masa kwano a zaure, 'ya'ya kuma saboda ladabi ba sa sa hannu a kwanon uba. Wasu 'ya'yan suna Paraku ko Kwatano, kuɗi suke aikowa ta waya. Da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya a 2023, ƙetarewa ta koma ta jirgin ruwa, 'ya'ya mata da ke aure a can, masu zuwa da ɗan dambu ko farfesun kifi, zuwansu ya yi wuya. Ladabin da ke barin uba yana ci shi kaɗai kullum yana buƙatar gyara. In ɗa ba zai iya ba, jika zai iya, amma jika babba mai hankali wanda aka ce masa nasa kwanon daban.

Abin da iyali suka fi nema a wurinmu abu biyu ne, maganin cin abinci da ƙarin ruwa. Ruwan maganin da ake sayarwa don buɗe ciki yawanci siproheptadin ne. A jikin tsoho yana kawo magagi da ruɗewa, yana iya tsare fitsari, yana jawo faɗuwa, kuma karayar ƙugu a shekara 75 ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayar deksametazon da wasu ke haɗawa da shi tana kumbura fuska a ce an yi ƙiba, alhali sukari da hawan jini take tayarwa. Ƙarin ruwa kuwa yana da ranarsa, ga mai gudawa da amai da wanda jikinsa ya bushe. Amma leda ɗaya ta rabin lita ta ruwan sukarin da aka saba sawa, giram 25 na sukari ne a ciki, wajen ƙwaya biyar ta sukarin shayi. Kuɗin ledar da na allurar zai sayi ƙwai na kwana da kwanaki.

Tunda cikin ya zama ƙarami, abin da zai shiga ya zama mai nauyi. Koko tsararo ruwa ne, yana cika ciki ya bar jiki da yunwa. A dama shi da kauri, a sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli ko madara. Kunun gyaɗa, fura da nonon da aka tafasa madararsa, alala, awara, wagashi mai laushi, dafaffen ƙwai, faten wake da man ja, kifin Kwara da aka cire wa ƙaya aka marmasa cikin miya, zogale da aka dafa ya yi lugub, duk suna kusa da mu. A ƙara cokalin mai a kan tuwo mai laushi. A ba da kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a rana, da ɗumi, a ƙaramin kwano, domin tulin tuwo yana kashe wa marar ci gwiwa tun kafin ya wanke hannu. Ruwa a sha tsakanin abinci, a ajiye moɗa inda hannu zai kai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: tsohon da ba ya ci, maleriya ko ciwon haƙarƙari kaɗan sai ya kwantar da shi.

Ku yi hattara da yawan hani. An ce wa Inna tana da hawan jini, sai maƙwabta suka ƙara nasu, ba gishiri, ba mai, ba nama, ba ƙwai, har aka bar ta da tuwo da ruwan kuka salam. A rage gishiri da dunƙulen magi, haka ne, amma a cika gurbinsu da albasa, tafarnuwa, citta, tsamiya da lemun tsami. Sauran hanin a zo a tambaya ko daga bakin likita ya fito.

Ga ikkilisiya kuma. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunagunin da ya tashi a cikin masu bi a Urushalima a kan abincin gwauraye mata ne da ake tsallakewa wajen rabo, har aka zaɓi mutum bakwai domin wannan aiki. Zumuntar Mata tana ƙoƙari wajen ziyara, da waƙa da addu'a da sabulu. Ina ba da shawara a ƙara abu ɗaya: mai ziyara ta zo da ɗan abinci mai laushi a lokacin ci, ta zauna su ci tare, ta ga yadda ake tauna da yadda ake haɗiya. Kada a tsaya ga 'yan coci. Tsohuwar da ke bayan katangarki, ko masallaci iyalinta ke zuwa, maƙwabciyarki ce.

Akwai lokacin da ƙin abinci alamar tafiya ce, cuta ta kai inda ba ta da magani, jiki kansa ya daina nema. A nan kada a yi ɗura. Ɗura ga wanda ba ya iya haɗiya tana tura kunu cikin huhu. A tayar da shi zaune, a ba shi abin da ya nema ko cokali ɗaya ne, a jiƙa masa leɓe, a goge baki da tsumma mai tsabta. Amma wannan hukunci ne da ake yi bayan an duba mutum, ba a tsakar gida ba.

In za ku kawo shi, ku zo da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti, na kasuwa da na gargajiya, da tsohon katinsa in akwai. Ku kuma zo da wanda ke zama kusa da shi lokacin ci, ko da yarinya ce 'yar shekara goma. Ita zan tambaya loma nawa.